Ku juye baƙin mai da ɗuminsa

'Yan uwa masu babur da janareto, kada ku juye baƙin mai alhali inji ya yi sanyi. Ku tayar da shi kamar minti 5, ku kashe, sannan ku kwance notin ƙasa.

In mai ya ji ɗumi yakan tsinke, ya zubo da sauri, ya kwaso dattin da ya kwanta a gindin inji. Da sanyi kuwa, balle lokacin hunturu, dauɗar nan sai ta yi zamanta, ta gurɓata sabon man da kuka saya da tsada.

Amma in daga doguwar tafiya kuka dawo, ku bari ya ɗan huce tukuna. Garin gaggawa na taɓa ƙona yatsuna.

Ƙaramin janareton da ake haɗa masa mai da fetur, shi ba a yi masa juye.