Yadda ake ɗanɗana haɗaɗɗen bourbon a mashayar wiski ta Amurka

Kafin a zuba maka, nemi ganin kwalbar don ka san irin wiskin da ke ciki. A dokar Amurka, sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi wiskin da shi, an kuma tsumar da wiskin a sabuwar gangar itacen da ake kira oak da aka babbake cikinta, kafin a kira shi bourbon. Haɗaɗɗen iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa zallar bourbon daga ganguna daban-daban, kowanne ya yi aƙalla shekara 2. Akwai kuma wanda rabinsa da ɗoriya ne kawai zalla, aka cike da barasa marar ɗanɗano. Na biyun bai cika daɗewa a baki ba.

Ka ce a ba ka ba ƙanƙara, a kofin Glencairn mai ƙunƙuntaccen baki. Awon da aka saba mililita 44 ne. Bar shi ya huta minti biyar.

Wurin shinshinawa aka fi kuskure. In ka cusa hanci ciki, zafin barasar zai dakushe maka ƙamshi, domin ƙarfinsa ba ya gaza kashi 40. Riƙe kofin ƙasa da hanci, bakinka a ɗan buɗe. Banila da karamel daga ƙonanniyar gangar suke, yaji kuma yawanci daga hatsin da ake kira rye.

Kurɓar farko zafi ce kawai, kada ka yanke hukunci da ita. Ta biyu ka juya ta a baki. Sannan ɗiga ruwa ɗigo uku, ka sake shinshinawa. Ƙanƙara da yawa tana danne ƙamshin.

Riƙe katin shaida, ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21.