Darasi na Tara: Alhakin Maganar da Ta Fita ta Gidan Rediyo

A Jos, da wuya ka zauna teburin mai shayi a Gangare ko Unguwar Rogo da safe ba ka ji shirin da masu sauraro ke bugo waya suna faɗin albarkacin bakinsu ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da mai bugo waya ya faɗa, shi kaɗai zai amsa shi. Doka ba ta tsara haka ba, domin tashar da ta watsa maganar ita ma tana da alhaki a wuyanta.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, amma wannan sashen ne kuma ya ce, in ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar gidan rediyo sai wanda shugaban ƙasa ya amince masa. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 kuma hedikwatarta take Abuja, ita ke kula da lasisin tashoshi, ita ce kuma ta rubuta ƙa'idojin da kowace tasha za ta bi.

A ce wani ya bugo yana haki, ya ce, "Malam, yanzun nan na ji an kai hari a Farin Gada, kowa ya fito!" Mai gabatarwa yana da 'yan daƙiƙu kaɗan. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya katse layin, ya shaida wa jama'a cewa tashar ba ta tabbatar da labarin ba, sannan edita ya tuntuɓi 'yan sanda da wakilin da ke wurin. Duk wanda ya ga abin da ya faru a garin nan a 2001 da 2008 da 2010 ya san cewa jita-jita tana iya rufe kasuwa, ta fito da iyaye mata kan titi babu mayafi suna neman 'ya'yansu. Shi ya sa ƙa'idojin suka haramta kalaman ƙiyayya da duk abin da zai tunzura wata ƙabila ko wani addini, kuma a ganina babu sashen da ya fi wannan muhimmanci ga mai aiki a Filato.

Haka batun ɓata suna yake. Idan baƙo ya kira sunan wani ya ce ɓarawo ne, alhali kotu ba ta same shi da laifi ba, mutumin yana iya kai ƙarar baƙon da tashar gaba ɗaya. Cewa "an ce" ba ya wanke kowa. Wanda aka taɓa mutuncinsa yana da haƙƙin a ba shi dama ya mayar da martani a tashar, kuma tilas ne tasha ta adana abin da ta watsa har kwana 90, saboda shi ne hujja idan ƙorafi ya taso.

A lokacin zaɓe, Dokar Zaɓe ta hana watsa tallar ɗan takara idan ya rage sa'a 24 a fara jefa ƙuri'a, ko da an riga an biya kuɗin tallar.

Aikin gida: ka saurari shirin bugo waya guda ɗaya a wannan makon, ka rubuta jimla uku a kan abin da mai gabatarwa ya yi lokacin da wani ya kama sunan mutum.