Kurakuran da sabbin shiga ke yi wajen fitar da akushi daga itacen ash

Tun da wata cuta mai busar da itatuwan ash, wani itacen katako na Turai, ta ɓulla a dazuzzukan Ingila a 2012 ake ta sare su a bakin tituna da gonaki, har itacen ya koma kamar na tsintuwa. Wanda ya sayi injin juya katako jiya, yau yana da gungume a bayan gida. Shi ya sa mako ba ya wucewa sai wani ya turo min hoton akushi a dare gida biyu, yana tambaya ko itacen ne ba shi da nagarta. Itacen da ake ƙotar gatari da guduma da shi? Ba ruwansa. Laifin namu ne, kuma ni ma na biya kuɗin makarantar.

Babban abin da ke cin mutane shi ne gaggawa da ɗanyen itace. Ash bai kai wasu itatuwa riƙe ruwa ba, har Turawa kan ce ko ɗanye yana cin wuta, sai sabon shiga ya ɗauka ya bushe ke nan. Ni haka na yi a shekarata ta farko. Ƙanwata za ta yi aure, na ce akussa goma zan kai mata na hannuna. Na fitar da su sirara, na goge, na shafa mai, na jera a falo kusa da hita don su yi saurin bushewa. Dare na uku ina kwance na ji ƙas! kamar an karya kara. Kafin mako ya zagayo bakwai sun tsage, sauran ukun bakinsu ya karkace kamar ƙwaryar da aka zauna a kai. Kuskure biyu na haɗa. Na bar cibiyar itacen a jikinsu, alhali daga nan tsaga take farawa, tun da katako ya fi tsukewa ta kewayen zobensa. Sannan na kai su gaban zafi.

Yanzu gungume na zuwa nake tsaga shi a tsaye, in yar da tsakiyar nan mai faɗin yatsu biyu. In yi fitarwar farko da kauri: akushi mai faɗin inci 10, bangonsa inci 1, kuma kaurin ya zo daidai daga baki har gindi. In shafe waje da kaki, musamman inda jijiyar katakon ta ƙare, in saka a jakar takarda tare da sassaƙensa, in aje a wuri mai sanyi. Duk wata nakan ɗora shi a sikelin kicin in rubuta nauyin da fensir a gindinsa. Ranar da nauyi ya daina sauka yake komawa kan inji, ko da wata shida ne ko shekara. Akwai masu busarwa a na'urar ɗumama abinci. Su suka sani. Ni ba na yi.

Babban kuskure na biyu, bayan gaggawa, shi ne wanda in na gani raina ke ɓaci. Kurfin nan mai faɗin baki kamar rabin bututu, wanda ake rage katakon ƙafar kujera da shi, ba na akushi ba ne! Sau nawa za a faɗa? A ƙafar kujera jijiyar katako a kwance take tare da inji. A akushi a gicciye take, kowane juyi sau biyu ƙarshenta ke karo da bakin ƙarfe. Shi kuwa kurfin, wutsiyarsa da ke cikin ƙota siririya ce. Ni nawa ya cafki katako, ya karye daga wuya, guntun ya wuce ta gefen kunnena ya kafe a bangon gareji. Har yau ban toshe ramin ba, duk wanda ya zo koyo nan nake fara kai shi. Sayi kurfin akushi mai zurfin kwari da aka fitar daga dunƙulallen ƙarfe, ka bar gwiwar bakinsa, wato gangaren da ke bayan kaifin, tana gogar katako kafin kaifi ya ci. Kuma ka sa garkuwar fuska cikakkiya, tabarau kaɗai ba ya tare gungume. Masu zuwa min da riga mai faɗin hannu ko safar hannu, ƙofa nake nuna musu.

Gudun inji ma haka. Gungumen da bai daidaita ba a fara shi a hankali, ka tsaya gefe ka kunna. Lissafin da nake bi: faɗi a inci sau juyi a minti kada ya wuce 9,000, wato akushi mai inci 12 iyakarsa 750, kuma ni ba na kaiwa can sai ya zama da'ira.

Dunduniyar da ake bari a gindin akushi don inji ya riƙe kada ta taɓo ƙasan muƙamuƙin ƙarfen da ke damƙe ta, kafaɗarta ce za ta zauna a kansa. Idan ka ga wurare biyu masu fuskantar juna sun yi kaushi, ƙarfenka ya dakushe, je ka wasa. Samfefa ba ta cike rami, kwari kawai za ta yi maka, don ash yana da layi mai taushi da mai tauri. Kada ka yi tsalle daga samfefa mai kaushi lamba 80 zuwa mai laushi lamba 240.

Sai mai. Man gyaɗa da man zaitun suna yin ɗoyi a cikin manyan ƙofofin jikin katakon ash, ni man tung tsantsa, wato man 'ya'yan wani itace da ake shafa wa katako, nake shafawa sau uku. Masu son baƙin akushi irin na gida kuma, haɗin ruwan tsami da ƙarfe da ake baƙanta katako da shi ba ya kama ash sosai kamar yadda yake kama itacen oak. Babbaka shi nake yi da harshen wuta, a waje, nesa da sassaƙe, in bi da burushi har zanen ya taso, sannan mai.