Yadda Ake Ziyartar Fadar Versailles Daga Faris a Wuni Guda

Idan Allah ya kai ka birnin Faris, kuma ka samu wuni guda wanda babu taro babu sayayya, ka ba fadar Versailles shi. Tana kudu maso yammacin birnin, kimanin kilomita 20. Faransawa suna furta sunan kamar "Barsai", amma ka riƙe rubutun yadda yake, domin shi za ka gani a allon tasha. Wuni guda yana isa ga wanda ya san yadda zai raba shi. Yawancin masu zuwa suna ƙarar da ƙarfinsu a cikin ginin, su fito da azahar ƙafa ta yi tsami, su leƙa lambun daga nesa su juya. Alhali lambun nan da ƙananan fadojin da ke bayansa su ne rabin tafiyar.

Mataki na farko: zaɓen rana

Ranar Litinin a rufe fadar take. Talata kuma cika take yi maƙil, saboda ranar ce gidan tarihi na Louvre yake rufe, sai masu yawon buɗe ido su kwararo nan. Laraba da Alhamis sun fi sauƙi. Sai dai akwai abin da ke sa in ce a daure wa cunkoson Asabar ko Lahadi: daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, a waɗannan ranaku ake sakin maɓuɓɓugan ruwan lambun suna feshi sama, da kiɗan zamanin da a ƙarƙashi. Ba kullum suke aiki ba, kuma tun asali haka ne. Wurin ba shi da kogi. A 1684 aka kammala wani inji a Marly mai manyan ƙafafun ruwa 14 don ɗago ruwan kogin Seine, duk da haka bai wadatar ba. Idan sarki ya fito zagaye, ma'aikata kan buɗe maɓuɓɓugar da ke gabansa su rufe wadda ya wuce.

Mataki na biyu: tikiti

Ka saya tun kana masauki, a shafin intanet na fadar kanta, ka zaɓi lokacin shiga na ƙarfe 9 na safe, wato lokacin da ake buɗewa. Ɗauki wanda ake kira Passeport, shi ne ya haɗa babbar fada, ƙananan fadojin nan da ake kira Trianon, da lambun har a ranakun sakin ruwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shiga fadar, amma su ma sai an kama musu lokaci. Ka sauke manhajar fadar a wayarka tun da dare. Kyauta ce, akwai taswira da bayanin kowane ɗaki, sai ka riƙo abin saurarenka na kunne.

Mataki na uku: jirgi

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙasa na RER C. Kana iya shiga a Saint-Michel, Musée d'Orsay, Invalides ko tashar Champ de Mars da ke gindin hasumiyar Eiffel, tafiyar kusan minti 40. A nan ne mutane ke ɓata: layin yana da rassa, ba kowane jirgi da ya tsaya gabanka ne naka ba. Ka ɗaga kai ka karanta allo, ka shiga wanda aka rubuta wa Versailles Château Rive Gauche. Ita ce tashar ƙarshe, daga ita zuwa ƙofar fada tafiyar minti goma ce a ƙafa. Tun Janairun 2025 tikiti ɗaya na jirgin ƙasa ke kai mutum ko'ina a yankin Faris, in ban da filayen jirgin sama. Ka bar masauki kafin 8.

Mataki na huɗu: ƙofa

Takalmi mai laushi, domin farfajiyar daɓen duwatsu ce masu tudu da kwari, kuma tafiya ce za ka yi wuni zur. Ƙaramar jaka kawai, ba a shiga da akwati. Masu tikiti a hannu suna bin ƙofar A, ta hagu idan ka fuskanci ginin.

Mataki na biyar: cikin fada

Kafin ka hau bene, ka san abin da kake kallo. A 1623 ɗan gidan farauta ne kawai Sarki Louis na 13 ya gina a nan. Ɗansa Louis na 14 ya ga tawayen manyan ƙasa da idonsa yana yaro, bai kuwa manta ba. Daga 1661 ya fara faɗaɗa gidan, a 1682 ya kwaso fada da gwamnati gaba ɗaya ya dawo da su nan. Ya tara masu sarauta a ƙarƙashin rufinsa, inda idonsa ke kansu, ya shagaltar da su da gasar wa zai matso kusa da sarki. Ɗakuna 2,300 ne a ginin, ba kuma duka za ka gani ba, don haka kada ka tsaya a kowane ƙofa.

Shawarata, ka wuce ɗakunan farko da ɗan sauri, ka leƙa cocin fada da aka gama a 1710, ka isa Zauren Madubai kafin ayarin manyan motoci ya iso wajen 10. Tsawonsa mita 73. Tagogi 17 suna kallon lambu, a gabansu gurabe 17 masu siffar baka da aka lulluɓe da madubai 357. Ka matsa kusa da ɗaya. Za ka ga ba falle guda ba ne, ƙananan gilasai ne aka jera aka ɗaure da siraran tagulla, wasu sun dushe, fuskarka ta fito kamar a cikin ruwan randa. A wancan zamani madubi dukiya ce, mutanen Venice ne suka riƙe sirrin yin sa, sai da Faransa ta zawarci ƙwararrunsu. Cika bango da shi hanya ce ta gaya wa jakadun ƙasashe cewa Faransa ta iya da kanta.

Ka ɗan tsaya a zauren nan fiye da ɗaukar hoto, domin abin da aka yi a cikinsa ya taɓa mu. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar Versailles ranar 28 ga Yuni, 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka. Aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Birtaniya, kuma arewacin kason Birtaniya ne ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar 1961. Mutumin Mubi ko Dikwa da ya tsaya a nan, yana tsaye ne a ɗaya daga cikin wuraren da aka yanke makomar garinsu ba tare da an tambayi kowa daga can ba.

Bayan zauren akwai turakar sarki, a tsakiyar ginin daidai, tana kallon gabas. Tashinsa daga barci ma biki ne, fadawa na shigowa rukuni-rukuni gwargwadon matsayi. A ɗakin Louis na 14 ya rasu a 1715, bayan shekara 72 a kan gadon mulki. A ɗakin sarauniya kuwa, ka duba gefen gado da kyau: akwai wata 'yar ƙofa da aka lulluɓe da irin yadin bangon, sai ka lura da tsagin za ka gane ta. Ta nan Sarauniya Marie-Antoinette, matar Sarki Louis na 16, ta tsere da asubar 6 ga Oktoba, 1789, lokacin da jama'ar da suka tako daga Faris saboda tsadar burodi suka kutsa cikin fada. Ranar aka tasa ƙeyar sarki da iyalinsa zuwa Faris, ba su sake kwana a nan ba.

Ka fito kafin 12.

Mataki na shida: abinci

Gidajen abincin ciki suna da tsada da layi. Gara ka riƙo burodi, cuku, 'ya'yan itace da ruwa, ka zauna kan ciyawa a bakin babban tafki, inda aka yarda a baje a ci. Idan za ka sayi burodi mai haɗi, ka kula da kalmomin jambon da lardons, duka naman alade ne. Maganar salla kuma, a watannin Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, matafiyi na iya komawa masauki ya haɗa azahar da la'asar cikin natsuwa.

Mataki na bakwai: lambu da Trianon

André Le Nôtre ne ya tsara lambun, kuma filin gaba ɗaya ya kai kimanin hekta 800. Ka tsaya a saman matakala ka miƙa ido: hanya ɗaya ɗoɗar, ta bi ta maɓuɓɓugar Apollo ta faɗa tafkin da tsawonsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Kada ka bi tsakiya kawai. Ka ratse cikin ƙananan kurmin da ke dama da hagu, nan ne inuwa da shiru suke.

Trianon ba a buɗe shi sai 12, shi ya sa na bar shi zuwa yamma. Tafiyar kusan rabin awa ce daga fada. Mai tsoho ko yara ya hau ɗan jirgin da ke zagayawa, mai ƙarfi ya yi hayar keke. Babban Trianon na 1687 gini ne marar bene, na dutse mai ruwan hoda, inda sarki ke gudun hayaniyar da shi da kansa ya tara. Ƙaramin kuwa Louis na 16 ya ba matarsa a 1774. Bayansa akwai wurin da na fi so, ƙauyen da sarauniya ta sa aka gina mata daga 1783: gidaje masu rufin ciyawa, tafki, lambun kayan miya, da dabbobi har yau. Ka zauna a nan ka huta, ka tuna cewa shekara shida kacal bayan fara ginin aka zo ƙofarta neman burodi.

Komawa

Ana rufewa 6:30 na yamma daga Afrilu zuwa Oktoba, 5:30 a hunturu. Ba dole ka sake takawa har fada ba. Daga Trianon ka fita ta ƙofar Grille de la Reine, ka bi titin da ya miƙe cikin gari zuwa tashar Versailles Rive Droite, ka hau layin L, ya sauke ka a Saint-Lazare a tsakiyar Faris.