Saka direban katin NVIDIA a Ubuntu ba tare da allo ya yi baƙi ba

Kafin ka taɓa komai, fara sanin wane kati ne a cikin kwamfutarka, wato na'urar da ke fitar da hoto a allo. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci | grep -i -E "vga|3d". Idan ka ga AMD ko Intel kawai, ka huta, direbobinsu, wato manhajojin da ke sa kati aiki, suna tafe cikin Ubuntu ɗin tun daga saka shi. Aikin na masu NVIDIA ne. Ubuntu yana fara tafiyar da katin da wani direba na al'umma mai suna Nouveau, wanda ya isa ka ga allo ka yi rubutu, amma da ka shiga gyaran bidiyo ko wasa sai ka ji kwamfutar tana jan ƙafa.

Shawarata ɗaya ce kuma ina kanta daram: kada ka je shafin NVIDIA ka sauko da fayil ɗin da ke ƙarewa da .run. Yakan yi aiki ranar farko, amma apt, mai kula da saka manhajoji a Ubuntu, bai san da zamansa ba, ranar da aka sabunta kanel, wato zuciyar Linux, sai ka wayi gari da baƙin allo. Bar Ubuntu ya zaɓa maka.

Haɗa caja, ka tabbatar batir ya cika kuma kana da data, don abin da za a sauko ya kai ɗaruruwan megabait. Idan kwamfutar ta tebur ce ba UPS, jira lokacin da wuta ta zauna. Rubuta sudo apt update, sannan sudo apt upgrade, ka sake kunna kwamfutar. Daga nan ubuntu-drivers devices zai jero direbobin da suka dace da katinka, ɗaya da alamar recommended a gefensa. Sai ka ce sudo ubuntu-drivers install. Masu tsofaffin katuna, irin yawancin jerin GTX 600 da 700 da ake samu a tsofaffin kwamfutoci, direba mai lamba 470 ne iyakarsu, kada ka tilasta musu sabo.

Inda na fi ganin mutane suna tuntuɓe shi ne Secure Boot, tsarin tsaro da ke hana kwamfuta ɗora direban da ba ta amince da shi ba. Idan a kunne yake, mai yiwuwa a tsakiyar aikin a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri. Rubuta ta a takarda, kuma ka yi ta da lambobi da ƙananan haruffa kawai. Da ka sake kunnawa, wani shuɗin allo zai fito yana ƙirga daƙiƙoƙi. Danna kowane maɓalli kafin ya wuce, ka zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes. A nan za ka shigar da kalmar, kuma ba za ka ga ko tauraro ɗaya yana fitowa ba. Ci gaba da bugawa, ka danna Enter, ka zaɓi Reboot. Wanda ya tsorata da shuɗin allon ya bar shi ya wuce, direban zai zauna a kwamfutar amma kanel ba zai yarda ya ɗora shi ba.

Bayan ta tashi, rubuta nvidia-smi. Idan ka ga tebur da sunan katinka da zafinsa da lambar direba, an gama. Mai laftof mai kati biyu ya ƙara sudo prime-select on-demand, don NVIDIA ya riƙa tashi sai an buƙace shi, batir ya daɗe.

Idan kuwa allo ya yi baƙi, kada ka yi saurin goge Ubuntu. Danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka, ka rubuta sudo apt purge '^nvidia-.*' sannan sudo reboot, za ka koma kan Nouveau ka sake gwadawa. In wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sakawa, fara da sudo dpkg --configure -a kafin komai.