Ka Sayi Mota Ka Canza Shawara: Yadda Ake Mayar da Ita

Da zarar mai mota ya ce "na sallama", ka biya, ya miƙa maka makulli da takardu, ciniki ya faɗa. Don launinta bai yi wa uwargida ba, ko ka ga tana shan mai fiye da ƙarfin aljihunka, ko ka hango wata mai rahusa a wani wurin, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ba ka ikon tilasta wa dila ya karɓi motarsa. Kwana 14 da ake jin ana ba mai saye a Ingila na cinikin nesa ne, irin na intanet ko waya, kuma dokarsu ce. A fiƙihu ma, zaɓin majalisa, wato damar fasa ciniki nan take, da wasu ke kafa hujja da shi yana ƙarewa ne da an rabu a wurin ciniki, kuma Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, ba ta aiki da shi, duk da Imam Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa.

Ƙofofin da suka rage uku ne: sharaɗin da aka gindaya tun ranar ciniki, aibin da aka ɓoye, da iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware don kansa. Kafin ka tantance wacce ce taka, akwai abin yi yau ɗin nan.

Ajiye motar. Ɗauki hoton allon da ke nuna nisan da ta yi, da na jikinta ta kowane ɓangare. Kada ka yi mata lamba, domin 'yar Beljiyam da aka liƙa wa lamba ta koma wadda aka hau a gida, farashinta ya faɗi ko da kilomita 20 ta yi, kuma wannan faɗuwar kai za a ɗora wa. Kada ka sa baƙin gilashi, kada ka canza taya ko rediyo. Mafi muhimmanci, kada ka bari bakanike ya kwance inji ko giya. Ya duba, ya saurara, ya jona na'ura, amma kada ya sa sifana. Da ya kwance noti ɗaya, amsar dila a shirye take: "Bakanikenka ne ya ɓata ta."

Idan an yi sharaɗi

Wannan ce ƙofa mafi sauƙi. In kun rubuta a takardar ciniki, ko kun faɗa gaban shaidu, cewa kana da kwana kaza ka gwada, to ka mayar da ita cikin wa'adin, ba sai ka kawo dalili ba. Malaman Malikiyya sun ba kowane kaya wa'adin da ya dace da shi, dabbar hawa kamar kwana 3, gida kamar wata guda, don haka kwana 2 ko 3 ga mota ba baƙon abu ba ne. Saƙon WhatsApp da dila ya ce "in ba ta yi maka ba ka dawo da ita" hujja ce, ka adana shi. Inda ake yin asara shi ne a bari wa'adin ya wuce da kwana ɗaya ana jiran ɗan'uwa ya dawo daga tafiya ya gani.

Idan akwai aibi

Mutane da yawa da ke cewa sun "canza shawara" wani abu ne suka ji a jikin motar da ba su iya faɗar sunansa ba. Ya kamata a bincika, domin aibi haƙƙi yake ba ka, ba roƙo ba. Sharaɗinsa ya kasance yana nan tun kafin ciniki, ba a gaya maka ba, ba kuma wanda ido ke gani a fili ba ne, kuma yana rage darajar motar. Ƙujewar fenti da ka gani ka yi shiru ba ta ciki.

Fara da lambar casis, mai haruffa da lambobi 17. Gwada ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ginshiƙin ƙofar direba da ta takardar kwastam. Dole su zo ɗaya. Motocin da suka fito daga Amurka ana iya binciken tarihinsu da wannan lamba a shafin intanet na Carfax da makamantansa, a ga ko gwanjon motocin haɗari ta fito, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da nisan da ta yi kafin a loda ta a jirgi. In rahoton ya nuna mil 180,000 allon motar kuma yana nuna 90,000, an juya shi baya, kuma wannan ha'inci ne tsagwaronsa.

Sai na'urar duba kwamfutar mota. A nan a lura: wasu na goge alamun matsala kafin mai saye ya zo, fitilar inji ta mutu. Bakaniken da ya san aikinsa zai duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Buɗe murfin baƙin mai: kumfa mai launin madara, tare da farin hayaƙi da raguwar ruwan lagireto, alamar gaskit ya ƙone ce. Giya kuwa sai ta yi zafi take tona asiri, shi ya sa zagayen minti 5 a bakin gareji ba ya nuna komai. Ɗaga kafet a duba busasshen laka da tsatsa a ƙarafan kujeru. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an ƙwaƙule matatar hayaƙi ta salansa, wadda bakanikai ke kira indomi. A duba ko jakunkunan iska na nan ko murfi kawai aka mayar.

Takardar kwastam ita ce babba. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, kuma motar da kuɗin fitonta na jabu ne ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru. Je ofishin kwastam da lambar takardar a tantance. In ta bogi ce, magana ta wuce canza shawara.

Da ka tabbatar da aibin, daina hawa. A fiƙihu, ci gaba da amfani da kaya bayan ganin aibinsa ana ɗaukarsa yarda ce, haƙƙin mayarwa ya faɗi. Rubuta wa dila takarda mai kwanan wata, ka faɗi aibin, ka haɗa rahoton bakanike, ka riƙe kwafi. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata 3 daga ranar karɓar kaya ya mayar da wanda ya gaza ingancin da ya kamata, mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Ƙarfinta ya fi a kan mai sana'ar sayar da motoci. Maƙwabcin da ya sayar maka da tasa, kotu ce hanyarku. In da dila ne, fara da shugabannin ƙungiyar dilolin wurin, sau da yawa a nan ake kashe magana, sannan hukumar kare masu saye, sannan kotu. 'Yan sanda ba wurin warware ciniki ba ne, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Motar sata ko takardun jabu ne nasu.

Idan lafiyarta ƙalau

To, iƙala ce ta rage, kuma alfarma ce. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi alkawarin yafiyar Allah ga wanda ya karɓi uzurin Musulmin da ya yi nadamar ciniki, amma kwaɗaitarwa ce, ba wajibi ba. Kada ka ƙago wa motar aibi don ka samu ƙofa; dila ya fi ka sanin motarsa, kuma da ya gane, ya rufe fuska.

Sauri ne jarinka. Sau da yawa motocin da ke jere a wurin dila ba nasa ba ne, masu su ne suka ajiye. In ka kai kwana 2, kuɗinka ya riga ya tafi wurin mai ita, ko an tura Legas ko Kwatano an ɗauko wata. Tafi tare da dillalin da ya haɗa ku, ko wani dattijo da dilan ke jin nauyinsa, ka yi magana a fili: "Alhaji, motarka ba ta da laifi, ni ne lissafina ya canza. Me za ka iya yi mini?"

Amsar ba ta wuce uku. Ko ya mayar da kuɗi ya cire wani abu: a ce ka saya naira miliyan 9, ya ce zai ba ka miliyan 8 da dubu 500. Auna wannan ragin da abin da za ka rasa in ka sayar da kanka, da watannin jira. Sau tari karɓa ya fi. La'adar dillali kuwa ka ɗauka ta tafi, ya yi aikinsa. Ko ya ce ka zaɓi wata a yi musaya da ciko, wanda diloli suka fi so. A nan ka sa a yi wa sabuwar kuɗi daban tukuna, don kada a ɓoye ragin cikin farashinta. Ko ya ce ka bar ta ya sayar maka. Wannan ce mai haɗari: a rubuta mafi ƙarancin farashi, da la'adarsa, da wa'adi, da nisan da allo ke nunawa, kuma asalin takardu su zauna a hannunka.

Wanda kafin alƙalami kawai ya bayar bai ɗauki mota ba, lamarinsa ya fi sauƙi. Malikiyya ba ta yarda mai kaya ya cinye shi don an fasa ba, Hanbaliyya ta yarda, don haka abin da kuka rubuta a rasit zai yi tasiri. Wanda ya saya bashi kuwa ya kiyaye: sake sayar wa dilan da ita a farashi ƙasa, kuɗi hannu, alhali tsohon bashin na nan a kanka, ciniki ne da Malikiyya ta hana. A soke bashin gaba ɗaya a lissafa. In ta banki ce, kada ka kai wa dila sai bankin ya amince a rubuce.

Ranar miƙawa a rubuta takardar warware ciniki mai lambar casis, adadin kuɗi, ranar biya, da sa hannun shaidu biyu. Kada ka saki makulli na biyu da asalin takardu don ka ga saƙon shigar kuɗi a waya. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a asusu. In biya biyu za a yi, takardar kwastam ta zauna wurinka har cikon ya shigo. In kuwa ka riga ka yi mata lamba da sunanka, a yi canjin mallaka a ofishin lasisi, ka sanar da kamfanin inshora, ka riƙe kwafin komai, domin in motar ta buge wani ko aka yi laifi da ita, sunan da ke rajista za a fara nema.