Darasi na Bakwai: Lissafin Ƙaura Daga Kumasi Zuwa Ankara (Accra)

A cikin masu zuwa ajinmu na yamma a nan Kumasi akwai wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku, wadda mijinta direba ne a wani kamfani, kuma albashinsa kaɗai ne ke riƙe da gidan. Wata rana bayan an tashi ta tsaya, ta ciro wata takarda da ta naɗe a bakin mayafinta, ta ce, "Malam, an yi wa maigidana tayin aiki a Ankara da ƙarin sidi dubu a wata, shi kuma har ya fara sallama da abokai. Ni dai gabana faɗuwa yake yi, ina so ka koya mini yadda zan lissafa abin nan kafin mu ɗaure kaya." Tambayarta ce ta haifi wannan darasi, domin gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun taɓa tsayawa inda ta tsaya.

Birnin Accra, babban birnin Ghana, wanda mutanenmu suka saba kira Ankara, yana jan mutane saboda can ne ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni suke, ga kuma tashar jiragen ruwa ta Tema a kusa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna yankin Ankara yana da mutum fiye da miliyan 5.4, har ya ɗan zarce yankin Ashanti ya zama na farko a ƙasar. Inda jama'a suka yi cincirindo haka, ɗaki yakan yi tsada, hanya takan cushe, ruwa ma sai an saya. Saboda haka mai shirin tashi ya rage kallon yawan albashin da aka ambata masa, ya mai da hankalinsa ga abin da zai rage a hannunsa ranar ƙarshen wata bayan an ci, an sha, an biya haya. Wannan ragowar ce za mu koyi fitarwa.

Mataki na farko shi ne sanin ainihin abin da zai shigo hannu. Idan aiki ne na albashi, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na tushen albashin ma'aikaci a kai wa hukumar fansho ta SSNIT, ana kuma cire harajin gwamnati kafin kuɗin su iso gare shi. Don haka idan an ce maka "za mu ba ka kaza," ka tambaya cikin ladabi ko wannan adadin kafin cirewa ne ko bayan cirewa, kuma ka nemi a rubuta maka a takarda.

Yanzu kowa ya buɗe littafinsa ya ja layi a tsakiyar shafi, ya rubuta Kumasi a hagu, Ankara a dama. Lambobin da ke tafe na misali ne domin koyon lissafi, kowa zai maye gurbinsu da farashin da ya binciko da kansa. A ce maigida yana karɓar sidi 2,500 a Kumasi. Hayar ciki da falo 350 ce, kuɗin tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, sidi 10 a yini na kwana 26 sun kama 260, cefane sidi 45 a yini na kwana 30 ya kama 1,350, wuta da ruwa 150, kuɗin makarantar Islamiyya da kuɗin tara na yara 200. Idan aka haɗa an sami 2,310, ragowa 190. Ba yawa, amma da ita ake zubin adashi, da ita ake sayen magani idan zazzaɓi ya kama yaro.

A ɓangaren dama kuwa, a ce albashi ya zama 3,500. Hayar ɗaki irin wancan a Madina ko Ashaiman a sa ta 800, tirotiro sidi 25 a yini sun kama 650, cefane sidi 55 a yini ya kama 1,650, wuta da ruwa 300, makaranta 250. Jimla 3,650. Wanda ya iya ɗebewa zai ga cewa ƙarin dubu ɗaya ya narke gaba ɗaya, har ana bin gidan bashin 150 kowane wata, alhali ba mu sa kuɗin abincin rana na maigida ba, wanda a da yakan dawo gida ya ci tuwo, yanzu kuwa sai ya sayi wake da shinkafa a bakin titi. Ba dole lissafin kowa ya fito haka ba. Wani zai ga ribarsa a fili, musamman idan wurin aikin ya ba shi ɗaki ko motar kai ma'aikata. Amma sai an rubuta ake ganewa.

Babban dutsen da ke tare hanya shi ne kuɗin haya na gaba, wanda kowa ya sani da adbans, kuma a nan nake so mu daɗe. Dokar haya ta Ghana ta 1963, wato doka mai lamba 220, ta hana mai gidan haya karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, kuma akwai ofishin gwamnati mai kula da sha'anin haya inda ake kai ƙara. Duk da haka, abin da ake yi a zahiri shi ne neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, kuma baƙon da ya tsaya kawo zancen doka sai a ce masa akwai mutum uku a bayansa da kuɗi a hannu. Mu koma ga misalinmu: sidi 800 sau wata 24 sun kama 19,200. Dillalin da ya nuna ɗakin yakan nemi kashi goma cikin ɗari, wato 1,920, ban da ɗan abin da ake ba shi tun kafin ya kai mutum ganin ɗaki. An tashi 21,120, ya ɗara albashin wata shida cur na sabon aikin, kuma ba a biya motar da za ta ɗauko gado da katifa da tukwane ta yi tafiyar kilomita kusan 250 ba tukuna.

Daga ina waɗannan kuɗin za su fito? Idan rance ne, to a rubuta biyansa a ɓangaren dama na shafi, domin shi ma ci ne na kowane wata. Idan sayar da keken ɗinki ko fili ko 'yan kunnen uwargida za a yi, a tuna cewa an sayar da abin da ake jingina da shi ranar wahala. Gwamnati ta ƙaddamar da wani shiri a farkon 2023 na biya wa masu tabbataccen abin shiga adbans, su riƙa mayarwa wata-wata, kuma yana da kyau mai albashi ya je ya tambayi sharuɗɗansa, sai dai kada ya ɗaure kaya da dogaro da shi kafin a amsa masa. Akwai kuma wani rami da mutane da yawa ke faɗawa: da zarar an biya shekara biyu, sai a manta da haya ɗungum, a riƙa cin albashi kamar gidan na gado ne. Ranar da wa'adi ya cika, mai gidan haya ya zo da sabon farashi, sai a rasa tudun dafawa. Wanda ya biya adbans ya ci gaba da ware kuɗin haya kowane wata, ya zuba a adashi ko banki, har ya ɗan ɗora wani abu a kai, domin mun ga yadda hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba na 2022, kuma haya takan bi sawun kasuwa.

Arahar ɗaki ma tana da tata tsadar. Wanda ya guje wa hayar unguwannin cikin gari irin su Nima ko Mamobi ko Nyutawun ya koma Kasuwa, garin da ake rubutawa Kasoa, zai sami sauƙin haya, amma zai biya da kuɗin mota biyu ko uku kowace safiya, da fita tun kafin sallar asuba saboda cunkoson hanya. Kafin a karɓi makulli a tambaya ko famfon gidan yana kawo ruwa ko sai an sayi jarka, ko akwai bayan gida a ciki ko sai an je na kuɗi, domin mutum biyar masu biya kowace rana kuɗi ne na gaske a wata. A tambaya ko ɗakin yana da mitarsa ta wuta ko ta haɗaka ce, wadda takan jawo rigima tsakanin maƙwabta. A dubi gindin bango ko akwai shatar ruwa. Ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, da gobarar gidan mai a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Ankara, sun ci rayuka fiye da 150, kuma unguwannin da ke gefen rafin Odaw suna shan ruwa duk damina mai ƙarfi. Ɗakin da aka yi wa araha fiye da kima, sau da yawa ruwa ne ya sa.

Wasu abubuwa ba sa canzawa da ƙaura, kuma a nan akwai sauƙi. Katin inshorar lafiya na NHIS yana aiki ko'ina a ƙasar, ana sabunta shi ta waya da *929#, kuma babbar sakandaren gwamnati kyauta ce tun 2017. Kuɗin sabon yunifom da littattafai na yaran da aka sauya wa makaranta ne kawai za a ƙara.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ba ya shiga shafin lissafi sai an tuna da shi da gangan, shi ne taimakon dangi. Da na tambayi ɗalibar nan wa ke riƙe mata ƙaramin yaro idan ta zo aji, ta ce surukarta. Da na tambaye ta masarar da suke tuƙa tuwo, ta ce wan mijinta ne ke aiko musu buhu daga Techiman bayan girbi. Mai shagon layinsu yana ba ta sabulu da sukari bashi har ƙarshen wata saboda ya san uban mijinta. Duk waɗannan kuɗi ne da ba a taɓa ƙirgawa ba, kuma a Ankara kowanne sai an zaro daga aljihu, ga kuɗin motar dawowa Kumasi duk lokacin da aka yi rasuwa ko suna ko biki, wanda ba mai iya ƙin zuwa. Gaskiya ne zangunan Ankara cike suke da 'yan'uwa, ga masallatai da sarakunan zango da ke karɓar baƙo, amma amana irin ta bashi ba ta samuwa a wata guda.

Gidan da ke rataye a igiya ɗaya yana bukatar ƙarin hattara, domin idan maigida ya kwanta ciwo ko aka sallame shi a lokacin gwaji, babu wani albashi da zai tare. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: maigida ya fara tafiya shi kaɗai na wata uku, ya sauka wurin ɗan'uwa ko ya haɗa ɗaki da abokin aiki, iyali su zauna inda suke. Gani ya kori ji. A cikin watannin nan ya rubuta kowace fesuwa, wato kwabon Ghana, da ya kashe, ya ga ko albashin yana zuwa a kan lokaci, ya zaga unguwanni da ƙafarsa, idan da hali ya ga ɗakin ranar da aka yi ruwa. Rabuwa da iyali ba daɗi, kuma riƙe tukunya biyu ma yana da nasa nauyi, amma ya fi a kwashi yara a kai su inda za a dawo da su bayan an cinye adbans. A wannan tsakanin uwargida ta yi tunanin abin da za ta iya juyawa a can, ko koko da ƙosai ne ko kitso ko ɗinki, amma kada a sa ribarsa a lissafi sai ta fara shigowa. Kada kuma a tashi sai akwai ajiyar da za ta ciyar da gida wata uku ban da kuɗin haya.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya cika ɓangaren hagu na shafinsa da kuɗin gidansa na gaskiya, miji da mata su zauna tare bayan sallar isha'i su yi, domin ita ta san farashin cefane, shi ya san na mota. Sannan ya kira mutum biyu da ke zaune a Ankara, a unguwanni daban-daban, ya tambaye su hayar ciki da falo, da watannin adbans da ake nema, da kuɗin jarkar ruwa, da kuɗin mota zuwa wurin aiki, ya cika ɓangaren dama. A ƙasan shafin ya rubuta sunayen taimako uku da yake samu kyauta daga dangi a yau, ya sa wa kowanne farashi. Ku zo da littattafanku ranar Asabar, za mu yi ɗebewar tare a kan allo.